Pierre Hadot da Abin da Helenawa Suke Nufi da Falsafa

Duk shekarar da muka kai Ayyukan Manzanni sura 17 a aji, sai an sami ɗalibin da zai ɗaga hannu a aya ta 18 ya tambaya: su wane ne Abikuriyawa da Sitokiyawan nan da suka yi muhawara da Manzo Bulus a Atina? Amsar da muka saba bayarwa gajeriya ce. Mukan ce Abikuriyawa suna koyar da jin daɗi, Sitokiyawa kuma jimrewa da ƙaddara. Ɗalibai su rubuta layi biyu, mu wuce zuwa wa'azin Tudun Arasa. Amsar tana da gaskiya a cikinta, sai dai hoton da take bari a kai gurgu ne. Ɗalibi zai ɗauka waɗansu malamai ne masu ra'ayoyi, suna gardama da safe, da yamma kowa ya koma gidansa ya ci gaba da zamansa yadda ya saba. Mutumin da ya fi kowa gyara wannan hoto a zamaninmu wani Bafaranshe ne mai suna Pierre Hadot. A Faransanci ba a furta harafin farko da na ƙarshe na sunan, don haka a baki “Ado” ne, kamar sunan da muka sani a gida.

An haife shi a Paris ran 21 ga Fabrairu 1922, ya tashi a birnin Reims cikin gidan Katolika. Mahaifiyarsa mace ce mai tsananin ibada, ta kuma ƙudura cewa 'ya'yanta maza uku duk firistoci za su zama, haka kuwa aka yi. Yana da shekara goma ya shiga ƙaramar makarantar horar da firistoci, inda ya sami Latin da Helenanci tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Aka naɗa shi firist a 1944, yana da shekara 22. A 1950 Paparoma Pius na 12 ya fitar da wasiƙar da ake kira Humani generis, wadda ta ja wa sababbin masu nazarin tauhidi birki, abin kuma ya dame shi ƙwarai. A 1952 ya ajiye aikin firist, daga baya ya yi aure. Ya kamata mu faɗi wannan tun farko domin mai karatu ya san wanda yake karantawa: mutum ne da Ikkilisiya ta raina, ta ba shi kayan aiki, ya fita daga cikinta bai komo ba. Amma bai zama mai zaginta ba, rabin abin da ya rubuta kuma ba zai yiwu ba in da bai yi zaman makarantar firistoci ba.

Shekara ashirin a kan mutum ɗaya

Aikinsa na farko irin wanda ba ya jawo suna ne. Wani malami ɗan ƙungiyar Jesuit, Paul Henry, ya sa shi nazarin Mariyus Biktorinus. Wanda ya karanta littafi na takwas na Furcin Agustin zai tuna da shi: mashahurin malamin balaga ne a Roma, ɗan asalin Afirka ta Arewa, wanda ya ba da gaskiya da tsufansa wajen shekara ta 355, ya tsaya gaban jama'a ya furta bangaskiyarsa ko da yake an ba shi damar yi a ɓoye. Labarinsa na cikin abubuwan da suka tunzura Agustin ya tuba. Biktorinus ya rubuta littattafai yana kāre koyarwar Majalisar Nikiya a kan mabiyan Ariyus, ya kuma yi sharhin Galatiyawa da Afisawa da Filibiyawa da Latin. Hadot ya shafe kusan shekara ashirin a kansa. Shi da Henry suka fitar da rubuce-rubucensa a kan Triniti a 1960, a 1968 kuma ya buga babban aikinsa mai juzu'i biyu, inda ya nuna cewa Biktorinus ya ari dogayen sassa na tunaninsa daga Forfiri, masanin falsafar nan da ya rubuta littafi sukutum yana sukar Kiristoci. Wato da kayan aikin abokin gaba ya kāre Allahntakar Almasihu.

Cikin wannan doguwar wahala ne wata tambaya ta riƙa yi masa ƙaiƙayi. Masanan zamani suna yawan kuka cewa marubutan dā ba su iya tsara littafi ba: suna maimaita magana, suna barin zance a tsakiya, abin da suka faɗa a nan ya saɓa wa wanda suka faɗa a can. An faɗi haka a kan Filato, wanda littattafan Larabci ke kira Aflatun, an faɗa a kan Aristotal, an faɗa a kan Agustin. Hadot ya ga da wuya a ce dukan waɗannan manya ba su iya rubutu ba. Watakila mu ne ba mu iya karanta su ba. A daidai lokacin yana karanta Wittgenstein, yana ma cikin na farko da suka gabatar da shi ga Faransawa wajen 1959. Daga wurinsa ya ɗauki darasi guda: ba za ka gane magana ba sai ka san aikin da ake so ta yi, da wanda ake yi wa ita, da halin da ake ciki.

Da ya koma kan littattafan da wannan ido, sai abin ya warware. Yawancinsu a bakin malami aka haife su, cikin da'irar almajirai. Forfiri ya ba da labarin malaminsa Filotinus cewa bai fara rubutu ba sai da ya kusa shekara hamsin, abin da yake rubutawa kuma amsoshin matsalolin da suka taso a wurin karatu ne, ba ya ma sake duba abin da ya rubuta saboda raunin ido. Forfiri ne ya tattara rubuce-rubucen 54 ya jera su tara-tara kashi shida. Mu da muka san karatun zaure ba za mu sha wuyar gane wannan ba. Malami yana zaune, almajiri ya biya, malami ya fassara, amsar da zai ba sabon shiga daban da wadda zai ba wanda ya yi shekara goma a gabansa. Wanda ya tattara amsoshin nan biyu a takarda ya ce malamin ya yi tufka da warwara, bai san zaure ba. Abin da malamin dā yake nema shi ne ya sāke mutumin da ke gabansa. Da Hausa muna da kalmomin da suka raba abin sarai: akwai ba da labari, akwai tarbiyya.

Masu wa'azi su lura da wannan, domin ya shafi yadda muke karanta wasiƙun Sabon Alkawari. Bulus ya yi wa Timoti kaciya a Ayyukan Manzanni 16:3, ya kuma ƙi a tilasta wa Titus a Galatiyawa 2:3. Wanda ya ɗauki Bulus a matsayin mai rubuta littafin darasi zai ruɗe. Wanda ya ɗauke shi makiyayi mai duban tumakin da ke gabansa zai tambayi abin da ke cikin haɗari a kowane wuri. Mun gaskata Nassi hurarre ne, littattafan Filotinus kuwa ba haka suke ba, amma hurarren Nassin nan a cikin wasiƙu ya zo mana, zuwa ga mutane masu suna da gari da matsala.

Falsafa a matsayin hanyar zama

Daga nan Hadot ya kai ga abin da aka fi saninsa da shi. A wata maƙala ta 1977, da littafin da ya biyo baya a 1981, ya ce a duniyar Helenawa da Romawa falsafa zaɓen hanyar rayuwa ce kafin ta zama jawabi. Mutum yakan shiga makaranta kamar yadda ake shiga ɗariƙa: ya sāke abincinsa, da tufafinsa, da abokansa, da yadda yake kashe yininsa. Koyarwar tana nan, da hujjojinta masu tsauri, amma aikinta ta tallafi wannan zama. Ana iya kiran mutum masanin falsafa ko bai rubuta ko layi ɗaya ba, muddin zamansa ya nuna. Sokratis bai bar littafi ba.

Abikuriyawan da muke cewa masu jin daɗi ne, ashe jama'a ce da ke zaune tare a wani lambu da Abikuru ya saya a Atina wajen shekara ta 306 kafin haihuwar Almasihu, har da mata da bayi a cikinsu. Abincinsu mai sauƙi ne. Jin daɗin da suke nufi shi ne rabuwa da tsoro da kwaɗayi. Suna haddace gajerun jimloli domin su kasance a kusa sa'ad da tsoron mutuwa ya taso, suna faɗa wa juna laifofinsu, suna karɓar tsawatawar aboki. Sitokiyawa kuma, waɗanda Zeno ya kafa a wata rumfar kasuwar Atina wajen shekara ta 300, suna horar da kansu su rarrabe abin da ke hannunsu da abin da ba ya hannunsu. Da safe mutum ya hango wahalolin da yinin zai iya kawowa domin kada su same shi ba shiri. Da dare ya yi wa kansa hisabi. Seneka ya ba da labarin yadda yake yi: bayan an ɗauke fitila, matarsa ta yi shiru domin ta san al'adarsa, sai ya bi yininsa daki-daki, inda ya yi zafi a gardama, inda ya tsawata wa wani fiye da kima. Wannan Seneka ƙanen Galiyo ne, mai mulkin Akaya da aka kai Bulus gabansa a Ayyukan Manzanni 18. Ba nesa da Sabon Alkawari waɗannan mutane suke ba. Efiktitus, bawan da ya zama babban malamin Sitokiyawa, a Hirafolis aka haife shi, garin da Kolosiyawa 4:13 ta ambata tare da Lawudikiya.

Waɗannan ayyuka ne Hadot ya kira horon ruhu. Ya san kalmar za ta tuna wa mutane da littafin Ignatius na Loyola, ya kuma zaɓe ta da gangan, domin wani Bajamushe mai suna Paul Rabbow ya riga ya nuna a 1954 cewa hanyoyin Ignatius suna da saiwa a cikin al'adar dā. Matar da Hadot ya aura a 1966, Ilsetraut, ita ma masaniya ce, ta rubuta littafi a kan yadda Seneka yake jagorancin rayukan almajiransa.

Inda hanyarsa ta fi nuna amfaninta shi ne a kan Markus Aureliyus, sarkin Roma daga 161 zuwa 180, wanda ya bar rubuce-rubucen da yake yi wa kansa da Helenanci, waɗansu a sansanin yaƙi. Masana sun daɗe suna karanta su kamar littafin sirrin mutum mai baƙin ciki. Wani ya ce ciwon ciki ne ke damunsa, wani ma ya rubuta cewa maye ne na maganin da likitansa ke ba shi. Dalilinsu shi ne sarkin yakan kwatanta abubuwa masu daraja da kalmomi masu ƙyama: abincin fada ya kira shi gawar kifi da ta tsuntsu, alkyabbar sarauta ya mai da ita gashin tunkiya da aka rina. A littafinsa na 1992 Hadot ya nuna cewa wannan darasi ne sananne na Sitokiyawa. Mutum yakan tuɓe wa abu adon da mutane suka yafa masa, ya kira shi da ainihin abin da yake, domin kada ya mallake shi. Ya kuma nuna cewa littafin da ake gani kamar warwatse yake, a kan horo uku na Efiktitus yake tafiya: horon abin da zuciya ke so, horon abin da mutum ke aikatawa ga sauran mutane, da horon abin da hankali ke amincewa da shi. Maimaicin da ake kuka da shi kuwa, ai shi ne aikin. Mutum ba ya gaya wa kansa gaskiya sau ɗaya ta zauna. Mukan ce wa ɗalibanmu da ke gab da naɗi su gwada darasin sarkin a kan kayanmu: kwalar wuya ɗan farin ƙyalle ne ko roba, kujerar gaba katako ne da soso, “Rabaran” kuma harufa bakwai ne.

Abin da Ikkilisiya ta gāda

Hadot bai tsaya kan arna ba, a nan ne kuma horonsa na firist ya yi masa rana. Ya nuna cewa Kiristoci da yawa na ƙarnonin farko sun gabatar da bangaskiyarsu a matsayin falsafa, sun kuma yi haka ne domin kalmar tana nufin hanyar zama. Jastin, wanda aka haifa kusa da Shekem ta dā, ya zaga wurin Basitoke, da mabiyin Aristotal wanda ya fara da zancen kuɗin makaranta, da mabiyin Fitagoras, da mabiyin Filato, kafin wani tsoho a bakin teku ya nuna masa annabawa. Bayan ya tuba bai tuɓe mayafin masana falsafa ba, ya buɗe makaranta a Roma. Kilemen da Orijen sun bi wannan sawu a Iskandariya. Ba kowa ya yarda ba. Tartuliyan na Kartaj bai ga abin da ya haɗa Atina da Urushalima ba, Kolosiyawa 2:8 kuma tana nan da gargaɗinta.

Sitokiyawa suna da kalmar prosoke, wato mai da hankali ga kai a kowane lokaci. Basil na Kaisariya ya sami wannan kalma a fassarar Helenanci ta Maimaitawar Shari'a 15:9, ya gina wa'azi guda a kanta. Ɗalibin da ya ci jarrabawar fassarar Nassi zai lura cewa ayar tana magana ne a kan mai hana matalauci rance don shekarar yafe bashi ta kusa, Basil kuwa ya faɗaɗa ta ƙwarai. Duk da haka abin da ya koyar yana da gindi a 1 Timoti 4:16, inda aka sa lura da kai gaba da lura da koyarwa. A tarihin Antoni na hamadar Masar, wanda Atanasiyus ya rubuta, tsohon ya shawarci almajiransa su riƙa rubuta ayyukansu da motsin zuciyarsu kamar za su karanta wa juna, domin kunya ta tsare su, su kuma yi zaman kowace rana kamar ita ce ta ƙarshe. Hisabin daren Seneka ke nan ya shiga hamada, an ɗaura shi a kan 1 Korintiyawa 15:31.

To, yaya aka yi falsafa ta zama abin da muka sani yau, darasin da ake haddacewa don jarrabawa? Amsar Hadot ita ce a tsakiyar zamanai an raba gādon biyu. Horon ya tafi gidajen sufaye, hujjojin kuma suka tafi jami'a suka zama baran ilimin tauhidi, masu kawo masa kalmomi da ma'anoni. Daga baya shi da kansa ya sassauta wannan hukunci, ya yarda cewa tsohuwar fahimtar ba ta taɓa mutuwa ɗungum ba. Waɗansu masana kuma, irin su John Cooper na Amurka, sun ce ya cika nauyaya horo, alhali a wurin Sokratis da Aristotal bin hujja shi ne ainihin hanyar. Muna ganin suna da ɗan gaskiya a kan Aristotal.

Amma zargin ya fi ƙarfin falsafa, ya iso ƙofarmu. Abin da ya sami falsafa yana iya samun ilimin tauhidi, a wurare da yawa ma ya riga ya same shi. Muna iya yaye ɗalibi da ya san bambancin Nikiya da Kalsidon, ya iya jera ra'ayoyi huɗu a kan Jibin Ubangiji, amma shekara huɗu ba wanda ya taɓa zama da shi ya tambaye shi yadda yake yi da fushi, ko da kuɗin baiko, ko da yabon da mata da maza za su yi masa a bakin ƙofa bayan sujada. Takardar sakamakonmu tana da gurbin Helenanci da na tarihin Ikkilisiya. Halin mutum kuwa sai ya yi abin kunya muke kiran kwamiti. Ikkilisiyoyin da ke karɓar waɗannan ɗalibai ba sa rabuwa saboda fasto ya kasa bayyana Triniti. Abin da muka fi gani shi ne rikicin kuɗi, da kujera, da baki. Kalmar da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya zaɓa wa mabiyan Yesu ita ce almajirai, kowa kuwa ya san almajiri ba ya koyo daga nesa. Bulus ma da kalmar filin motsa jiki ya umarci Timoti ya hori kansa a 1 Timoti 4:7.

Inda muka rabu da shi

Akwai wani abu a tarihi da ya kamata ya hana mu ɗaukar horo ya zama mai ceto. A farkon littafinsa Markus Aureliyus ya gode wa malaminsa Yuniyus Rustikus, wanda ya koya masa sauƙin hali da saurin yafewa, ya kuma ba shi littafin Efiktitus daga ɗakin karatunsa. Wannan Rustikus shi ne mai mulkin birnin Roma da aka kawo Jastin gabansa wajen shekara ta 165. Masana falsafa biyu suka fuskanci juna, kowa da horonsa. Rustikus ya yi masa tambayoyi, ya umarce shi da abokansa shida su yi wa alloli hadaya, suka ƙi, ya sa aka yi musu bulala aka fille kawunansu. Ba mu da dalilin zaton ya yi haka cikin fushi. Mai yiwuwa da daren nan ya yi hisabin yininsa bai sami abin zargi ba. A zamanin sarkin nan mai tsabtar hali ne kuma aka kashe masu bi na Liyon a 177.

Hisabin kai yana auna mutum da ma'aunin da ya riga ya riƙe. In ma'aunin ya karkace, horon sai ya ƙara masa ƙwari a kan karkatarsa. Basitoke yana shiga cikin kansa ya sami kagara da ba mai iya rushewa. Mai bi yana shiga ya tarar da abin da Romawa 7 ta kwatanta, ya nemi taimako daga waje. Hadot ya san wannan bambanci, ya kuma faɗa da gaskiya cewa horon Kirista yana tsaye ne a kan alherin Allah, da tawali'u, da tuba. Shi dai ya zaɓi ɗaya gefen. Tun yana yaro, wani dare a Reims ƙarƙashin taurari, mamakin kasancewarsa a cikin duniya ya rufe shi, ya ce kuma bai iya haɗa abin da ya ji da addinin da ake koya masa ba, bai ma sami wanda zai faɗa wa ba. Wannan ya kamata ya tsaya wa kowane malamin makarantar tauhidi a rai: yaro yana cikin gidan horar da firistoci, abu mafi girma da ya taɓa samunsa ya same shi, ya rasa kunnen da zai zuba wa. Filibiyawa 2:12-13 ta riƙe abu biyun da Hadot ya raba, aikin mai bi da aikin Allah a cikinsa, ba ta saki ko ɗaya ba.

Daga 1964 ya koyar a babbar makarantar bincike ta Paris, kujerarsa ta farko ma ta nazarin Ubannin Ikkilisiya na Latin ce. A 1982, da goyon bayan Michel Foucault, aka zaɓe shi zuwa Collège de France, inda ya riƙe kujerar tarihin tunanin Helenawa da Romawa har ya yi ritaya a 1991. Sunansa ya bazu a ƙasashen Ingilishi bayan 1995, sa'ad da aka fitar da tarin maƙalunsa da sunan Philosophy as a Way of Life. Mai son farawa ya fara da babin da ke cikinsa a kan horon dā da falsafar Kirista, yana riƙe da tarihin Antoni a ɗaya hannun. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi sun fi mu sa'a, domin za su karanta shi da harshen da ya yi rubutu, Faransancinsa kuwa mai sauƙi ne. Littafinsa na ƙarshe da ya fito yana da rai, a 2008, a kan mawaƙin Jamus Goethe ne. Ya rasu a Orsay, kusa da Paris, a watan Afrilu 2010, yana da shekara 88.